LAYIN MANYA DA LAYIN KOWA

A manyan filayen jirgin sama na ƙasar Amurka, kafin mutum ya kai ga jirgi sai ya tsaya a layi domin a bincike shi da kayansa. Layin ba guda ɗaya ba ne. Akwai dogo, wanda yawancin matafiya suke bi. Akwai kuma gajere a gefe, wanda aka keɓe domin waɗansu. Cikin shekarun nan an yi ta sāke dokokin wannan gajeren layi, kowane lokacin da aka sāke kuwa sai masu yawan tafiya cikin jirgi su yi gunaguni mai-zafi. Mai yiwuwa waɗansu daga cikin masu karatunmu su ce, "Ina ruwanmu da wannan? Yawancinmu ba mu taɓa hawa jirgi ba." Amma mun ga ya kamata mu duba al'amarin, gama zuciyar da take gunaguni a filin jirgi na Atlanta ita ce take zuwa sujada tare da mu ran Lahadi.

YADDA ABIN YA FARO

A shekara ta 1981 kamfanin American Airlines ya soma lissafta wa fasinjoji yawan mil ɗin da suka yi tafiya, yana ba su lada bisa ga wannan. Sauran kamfanoni suka bi sawu. Aka raba matafiya daraja daraja, na azurfa, na zinariya, har da na lu'ulu'u. Mai babbar daraja yakan fara shiga jirgi, yana da ɗakin hutawa inda ake ba shi abinci, layinsa kuma dabam.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar da ake kira TSA domin binciken matafiya. A watan Disamba na wannan shekara wani mutum ya ɓoye abin fashewa cikin takalminsa ya shiga jirgi. Daga 2006 aka sa doka kowa ya tuɓe takalminsa a wurin bincike. Layi ya yi tsawo ƙwarai. Sai a 2011 hukumar ta buɗe gajeren layi mai suna PreCheck, inda ba a tuɓe takalmi ko ɗamara, ba a kuma fid da kwamfuta daga jaka. Da fari an gwada shi a filaye huɗu kaɗai, watau Atlanta, da Detroit, da Dallas, da Miami, manyan fasinjojin kamfanin Delta da na American kuwa suna cikin waɗanda aka fara gayyata. A ƙarshen 2013 aka buɗe ƙofa ga duk ɗan ƙasa wanda ya yarda a binciki tarihinsa, a ɗauki zanen yatsunsa, ya kuma biya dala 85 domin shekara biyar. Kafin ƙarshen 2024 waɗanda suka shiga sun wuce miliyan 20.

GUNAGUNI IRI UKU

Na fari ya taso sa'ad da hukumar ta riƙa ɗebo mutane daga dogon layi tana zuba su cikin gajeren, ko da ba su biya kome ba. Waɗanda suka biya suka ce baƙin nan ba su san ka'ida ba, suna tsayawa suna kwance igiyar takalmi inda ba a bukata, suna ɓata wa mutane lokaci. Masu binciken aikin gwamnati kuma suka ga akwai hatsari a ciki, saboda haka a 2015 aka rage wannan al'ada ƙwarai.

Na biyu ya zo a watan Satumba 2023. A lokacin annobar korona kamfanoni sun bar wa mutane darajarsu ko da ba su yi tafiya ba, har masu daraja suka yi yawa, ɗakunan hutawa suka cika. Kamfanin Delta ya sanar cewa daga yanzu kuɗin da mutum ya kashe shi kaɗai za a duba, ba yawan tafiyarsa ba, mai neman daraja mafi girma kuwa sai ya kashe dala 35,000 a shekara. Fasinjoji suka husata, da yawa suka ce za su koma wani kamfani. Shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya yarda a fili cewa sun wuce gona da iri. Wata ɗaya bayan haka aka rage kuɗin zuwa dala 28,000.

Na uku shi ne mafi ban mamaki. A watan Yuli 2025 gwamnati ta soke dokar tuɓe takalmi domin kowa da kowa. Yawancin matafiya suka yi murna. Amma aka ji waɗansu na gajeren layi suna cewa, "To, mu da muka biya fa? Ina amfanin kuɗinmu tun da kowa ya zama daidai da mu?"

INA MAI-GASKIYA?

Kada mu yi saurin yanke musu shari'a duka a dunƙule. Abu na fari da ya wajaba mu faɗa shi ne, alkawari kaya ne. Idan kamfani ya ce wa mutum, "Ka yi tafiya da mu shekara da shekaru, mu kuwa za mu yi maka kaza," mutumin kuma ya amince, ya bar jirgi mai araha ya bi nasu, ba daidai ba ne a wayi gari a sāke ma'auni ba tare da isasshen gargaɗi ba. Littafin Misalai ya nuna mana a wurare da dama cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Wanda ya yi ƙara a kan wannan bai yi zunubi ba. Manzo Bulus ma bai ji kunyar faɗin hakkinsa ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 22, sa'ad da za a yi masa bulala ba tare da shari'a ba, ya tuna musu shi ɗan ƙasar Roma ne. Hafsan ya ce shi da kuɗi mai-yawa ya sayi wannan 'yanci, Bulus kuwa da shi aka haife shi. Ashe samun gata ba laifi ba ne, neman a cika alkawari kuma ba girman kai ba ne.

Masu gunaguni na fari su ma suna da 'yar gaskiya. In an zuba kowa cikin gajeren layi, ya zama dogo ke nan. Amma a nan akwai abin lura. Kyautai na duniya iri biyu ne. Akwai waɗanda suke kamar ruwan sama: in ya sauka a gonar maƙwabcinka bai rage na gonarka ba. Akwai kuma waɗanda suke kamar kujerar gaba, wadda ba ta da wani amfani sai dai in akwai mutane a bayanta. Mai sayen wurin gaba, ko ya sani ko bai sani ba, yana sayen tsayuwar waɗansu ne. Minti goman da ya samu, daga ƙafafun wani aka ɗebo su.

Gunaguni na uku kuwa ba shi da madafa. Mutumin bai yi hasarar kome ba. Takalminsa yana ƙafarsa yau kamar jiya. Abin da ya ɓata masa rai shi ne, na ɗan'uwansa ma yana ƙafarsa. Ubangijinmu ya ba da misalin wannan cikin Matta sura 20. Mai gonar inabi ya ɗauki ma'aikata da sassafe a kan dinari guda, ya ƙara ɗaukar waɗansu da hantsi, da tsakar rana, har da la'asar sakaliya. Da yamma ya biya kowa dinari. Na farko suka yi gunaguni, ko da yake an ba su daidai abin da aka shirya da su. Alherin da aka yi wa na ƙarshe shi ne ya yi musu ciwo. Sunan wannan ciwo hassada, ko mutum yana riƙe da fartanya, ko yana riƙe da tikitin jirgi.

Akwai kuma wani abu. Sabo turken wawa ne. Ran da aka fara kai mutum gajeren layi yakan yi godiya. Bayan shekara guda ya daina godiya. Bayan shekara biyar yana gani kamar gādonsa ne, har in an taɓa wurin sai ya ji an taɓa mutuncinsa. Alhali kuwa darajar nan aro ce, wanda ya bayar yana iya karɓa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Mutumin da ya jingina mutuncinsa ga kati na kamfani ya ba kamfanin ikon rage shi duk ran da suka ga dama.

WA YA CANCANCI GABA?

Ba muna cewa kowane fifiko mugu ne ba. Direbobin jirgi suna wucewa gaba domin ɗaruruwan mutane suna jiransu. Gurgu, da tsoho, da mace mai-goyo, in an sa su gaba, kowane mai-hankali zai ce madalla. Shari'ar Musa ma ta umurta a girmama mai-furfura. Wanda aka riga aka binciki tarihinsa, akwai dalilin da zai sa a sauƙaƙa bincikensa. Waɗannan duka fifiko ne saboda bukata ko saboda aiki.

Inda tambaya take da wuya shi ne inda kuɗi kaɗai suke magana. Akwai wani kamfani mai suna Clear, wanda in mutum ya biya shi kusan dala 200 a shekara, ma'aikacinsa yakan raka shi har gaban jami'in bincike, ya wuce waɗanda suka riga shi zuwa. Ga shi kuwa binciken nan aikin gwamnati ne, kowane fasinja kuma yana biyan harajinsa, dala 5.60 a kowace tafiya. A 2024 wani ɗan majalisar jihar Kalifoniya, Josh Newman, ya kawo shawarar doka a hana irin wannan tsallake, aka yi muhawara mai-zafi a kanta. Mu dai ra'ayinmu shi ne, ɗan kasuwa yana iya sayar da kujera mai-laushi a jirginsa, gama nasa ne. Amma layin da hukuma ta sa domin tsaron kowa, sayar da gabansa yana koya wa jama'a cewa lokacin matalauci ba shi da tsada.

Cikin dukan wannan gardama, muryar mutanen dogon layi ce ba a cika ji ba. Ku tuna da mutumin nan na bakin tafkin Baitasda cikin Yohanna sura 5. Shekara 38 yana ciwo, kullum in ya yunƙura sai wani ya riga shi shiga ruwan, gama ba shi da mai ɗaukarsa. A wurin akwai marasa lafiya da yawa, amma Yesu ya nufi wanda kullum ake bari a baya.

MU FA, YA 'YAN'UWA?

Kada mu yi wa Amurkawa dariya, gama ekklesiya ma ta taɓa sayar da wurin gaba. A Ingila da Amurka an daɗe ana ba da hayar benci cikin majami'u. Mai-arziki yakan biya ya sami na gaba, wani lokaci har da ƙofa, matalauta kuwa sai can baya ko bisa bene. A shekara ta 1860 a jihar New York waɗansu masu-bi, B. T. Roberts yana cikin shugabanninsu, suka kafa ekklesiyar Free Methodist, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne wurin zama a ɗakin Allah ya zama kyauta ga kowa. Tun kafin wannan duka Yakub ya riga ya tsauta, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, a kan taron da yake ba mai zoben zinariya wuri mai-kyau, ya bar mai tsumma a tsaye.

Mu ba mu ba da hayar benci, amma bari mu tambayi kanmu. Ran taron neman gudunmawa, wa ake kira ya zauna gaba, sunan wa kuma ake faɗi da ƙarfi? In fasto yana da marasa lafiya biyu, gidan wa yakan fara zuwa? Sa'ad da sababbin tuba suka yi yawa, har aka zaɓi ɗaya daga cikinsu dattijo ko shugabar zumuntar mata, mu da kakanninmu suka gina majami'ar, me zuciyarmu takan ce? Sau da yawa maganar da take fita ita ce ta fasinjan nan: "Mu da muka daɗe fa?" Mun ga ekklesiyoyi da suka rabu biyu, ba a kan koyarwa ba, a kan wa zai zauna ina.

Ga shawararmu. In an karya maka alkawari, ka faɗa a fili cikin ladabi, ka nemi gyara. In kana da wurin gaba, ka karɓe shi kamar kyauta, ka riƙa waiwaya, wata rana ka bar wa wanda ya fi ka bukata. In kuwa an buɗe ƙofa ga waɗansu, ka ji zuciyarka ta yi ɗaci, ka tambayi kanka, "Me na rasa?" Idan amsa ita ce ba kome, sai ka durƙusa ka nemi gafara, gama ba ƙofar ce take da laifi ba.

Almajiran Yesu ma sun yi wannan gardama. 'Ya'yan Zabadi suka nemi kujerun dama da hagu, sauran goma suka ji haushi, gama su ma abin da suke so ke nan. Ubangiji ya nuna musu cewa a mulkinsa hidima ce ma'aunin girma. Ya kuwa aikata abin da ya koyar. Shi wanda kowace daraja tasa ce, ya tsaya cikin taron masu-zunubi a bakin Urdun domin Yohanna ya yi masa baftisma, ya wanke ƙafafun almajiransa, aka gicciye shi tsakanin 'yan fashi biyu. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai taɓa yin wani aikin lada ba, shi ne ya sami alkawarin Firdausi a ran nan. Mu duka ta wannan ƙofa muka shigo, ba wanda ya biya ko anini.

Allah ya ba mu zuciyar da take murna sa'ad da aka yi wa ɗan'uwa alheri. Amin.