Liyarin kakata da lambar da ba zai samu ba

Kakata tana da liyari guda na azurfa, mai hoton wata mace ƙaƙƙarfa da ta juya fuska gefe. Tun kafin a haifi babana wani maƙeri ya laƙa masa ɗan zobe don a zura igiya a rataya. Duk sallah sai ta sa toka da lemun tsami ta goge shi har ya riƙa ɗaukar ido. An rubuta 1780 a jikinsa, ni kuwa tun ina ƙaramin yaro nake jin cewa muna da dukiya a ɗaki.

Abin da ya sa na koma kansa, darasin ilimin harshe ne. Saussure, a littafin da ɗalibansa suka fitar a 1916, ya kwatanta kalma da tsabar kuɗi, kuma misalin da ya ɗauka shi ne faran biyar, wato dala guda a bakinmu. Ya nuna cewa darajar dala ba a cikin ƙarfenta kaɗai take ba: tana cikin abin da za a ba ka idan ka miƙa ta, da kuma matsayinta tsakanin sauran kuɗɗi. Daga nan na shiga binciken liyarin kaka, sai ga ni cikin duniyar masu tara tsofaffin tsabar kuɗi a Amurka da Turai.

Farko dai na sha kunya. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Bayan rasuwarta aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗin, miliyoyi bisa miliyoyi, saboda fatake daga ƙasar Larabawa zuwa Habasha zuwa Borno da ƙasar Hausa ba su yarda da wani hoto ba sai nata. Ke nan shekarar ba ta faɗin tsufansa. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya, tsantsar azurfar ciki kamar giram 23.

Kunya ta biyu ta fi zafi. Su waɗannan mutane suna da ma'auni daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke, William Sheldon, shi ya fito da shi a 1949 don tsofaffin kwabban tagulla na ƙasarsu. Lamba 1 ita ce tsabar da ta suɗe har da ƙyar ake gane ta, 60 zuwa 70 kuwa na waɗanda ba su taɓa yawo hannu-hannu ba ne. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC. Kai za ka aika musu tsabarka, ka biya, masana su duba ko ta gaske ce, su ba ta lamba, su rufe ta cikin ƴar akwatin roba mai garai-garai da takardar shaida. Daga ranar ba mai sake taɓa ta. Tsabar da aka goge, ko aka huda, ko aka laƙa wa zobe, ba a ba ta lamba, sai dai a rubuta cewa ta gaske ce amma tana da aibi. Wato duk ƙaunar da kaka ta shekara hamsin tana zubawa da toka da lemun tsami, a wurinsu ɓarna ce.

Na yi fushi, gaskiya. Na ce wannan ai cin amanar ido ne, mutum ya sayi roba da lamba. Amma da na huce sai na ga fushin nawa bai da ƙarfi kamar yadda na zata.

Ka ɗauka kana Maradi, mai sayarwa yana wata ƙasa, ba ka san shi ba, ba ka san ubansa ba. Ya ce maka tsabarsa ba ta da tabo. Mi za ka riƙe? A kasuwar dabbobi muna da dillali, shi ke tsayawa ya ce na san saniyar nan, ba ta sata ba ce. Ba ya ƙara wa saniya nama ko kilo guda, amma ana ba shi la'ada, kuma halak ɗinsa ne, don ya sa sunansa a tsakani. Akwatin roba dillali ne da ba ya magana. Idan tsaba mai shaida ta fi marar shaida tsada, bambancin kuɗin yarda ne, kuma yarda tsakanin baƙi abu ce mai tsada tun fil azal. Jabu kuma yana nan da yawa. Da ni zan saya daga nesa, wallahi mai shaida zan ɗauka.

Inda nake da magana shi ne wajen lambar kanta. Tsakanin 64 da 65 akwai tsabar da farashinta ke ninkawa, alhali bambancin na iya zama ɗan ƙarce guda da sai da gilashin ƙara girma ake gani. Kuma mutane ne ke yanke hukuncin, mutum kuwa yau ya ga haka, gobe ya ga haka. Shi ya sa akwai masu sana'ar fasa akwatin, su sake aika tsabar ɗaya, ko Allah ya sa a wannan karo ta hau mataki. Tsabar ba ta canza ba, ko ƙwayar zarra. Sunanta ne ya canza, kuɗin ya bi sunan. Abin har ya kai a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, mai duba tsabar da an riga an ba ta lamba, ya manna mata koren tambari idan ya yarda da lambar. Shaida kan shaida ke nan. To shi kuma wa zai shaide shi?

Wani abin ban dariya: bayan rasuwar Sheldon a 1977 aka gano cewa ya riƙa musanya kwabbai masu kyau na wata ƙungiyar masana kuɗi ta birnin New York da nasa marasa kyau. Ido mai kaifi yake da shi, babu shakka. Kaifin ido da amana ba gida ɗaya suke kwana ba dole.

Ƴan uwana ɗalibai, ban tsammanin sai na wahala wajen nuna muku inda abin ya taɓa mu. Wanene a cikinmu bai yi layi a meri da kwafin takardunsa ba, ya sayi tambur, ya jira a buga hatimi? Hatimin ba ya cewa ka iya komi. Yana cewa kwafin ya yi daidai da asali, shi ke nan. Kuma kowa ya san wanda ya tashi da 9,8 aka ce ya maimaita shekara, abokinsa mai 10 ya wuce. Ban ce a soke maki ba. Malami mai ɗalibai ɗari uku ba zai zauna ya san zuciyar kowa ba, mai ɗaukar aiki kuma baƙo ne gare mu kamar mai sayen tsaba daga nesa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da na gani a kaina. A zangon da ya wuce na haddace darasin tsarin sauti na samu maki mai kyau, bayan sati uku ƙanwata ta tambaye ni dalilin da ya sa muke cewa gida amma jam'insa gidaje, na yi ta kame-kame. Lambar tana nan cikin takarda, ba wanda zai fasa akwatin ya duba.

Fataken dā ba su da kamfani. Sukan duba ƴan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, in sun suɗe su rage wa liyari daraja ko su ƙi shi. Sukan ji nauyinsa a tafin hannu, su buga shi su saurari ƙara. An cuce su wani lokaci, tabbas. Amma sanin yana jikinsu, kuma suna koya wa yaransu. Mai akwatin roba ya fi su kwanciyar rai, sai dai in aka cire takardar aka miƙa masa tsabar tsirara, mai yiwuwa ya rasa ta cewa. Ban iya yanke wanda ya fi wani riba ba, kuma na daina ƙoƙarin yankewa da sauri.

Da na je gida hutu na gaya wa kaka cewa Turawa sun ce gugar da take yi ta rage wa liyarinta kuɗi. Ta ce, "Su wa suka ce zan sayar?" Sannan ta kwance shi daga igiya, ta sake shi bisa dutsen niƙa. Ya yi wata ƙara siririya mai tsawo. Ta ce, "Ka ji? Azurfa ce." Na ciro ƴar dala ashirin daga aljihu na saki a wurin, ita ma ta yi ƙara, ni dai ban rarrabe su sosai ba. Na ce, "Kaka, sake min."