Kafin Ka Taɓa Igiyar Nan

Ɗana, na san hotunan sun iso wayarka: mutum ɗaure da igiya, ƙulli bisa ƙulli a ƙirji da baya, tsaf kamar saƙa. Japanawa suna kiran abin shibari ko kinbaku. Kai baligi ne, ba zan yi kamar ban san sha'awa tana kai mutum inda bai zata ba. Amma tunda har kana tunanin koya, zauna ka ji.

Asalin wannan ɗauri na kamun masu laifi ne. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, jami'an tsaron Japan suna da fasahar ɗaure fursuna da ake kira hojojutsu, inda igiya ke bi ta wuya da gaɓoɓi yadda duk wanda ya yi yunƙurin kuɓucewa zai ƙara wa kansa azaba. Daga baya ne mai zane Ito Seiu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1961, ya mayar da shi abin kallo, sannan mujallar Kitan Club ta yaɗa shi a shekarun 1950. Shi Ito ɗin har matarsa mai juna biyu ya rataye ƙafa sama don ya ɗauki hoto. Ana yaba gwanintarsa, ni dai wannan aikin nasa rashin imani na ɗauke shi.

Maganar yarda ita ce gaba da komai. Wanda za a ɗaure ya zama babba mai cikakken hankali, bai sha komai ba, ba ya tsoronka, ba kuma a ƙarƙashinka yake ci ba. Ko matarka ce ta aure, sai ta faɗa da bakinta. Mun saba ɗaukar shirun mace da sunkuyar da kai a matsayin amincewa. A nan kunya ba ta isa hujja ba. Ku yi magana tun igiya tana cikin jaka: ina ne ba a taɓawa, akwai asma ko hawan jini ko tsohuwar karaya, wace kalma ce idan an furta ta komai ya tsaya nan take. Ku ƙara da alamar da ba ta bukatar baki, kamar ta riƙe makullai a hannu, ta saki idan abin ya ishe ta. Wadda ta yarda da farko tana da ikon fasawa a tsakiya, kuma ba ka da hurumin fushi. Ɗaukar hoto izini ne daban.

To ko an yarda, jiki ba ya sanin an yarda. A 2011 a birnin Rum wata matashiya ta mutu a irin wannan wasa da ta shiga da son ranta, igiya ce ta shaƙe mata wuya. Wuya dai haramiyarka ne, ko da wasa.

Haɗarin da ya fi yawa kuwa ba ya zuwa da ihu. Akwai wata jijiya da ta zagayo ta bayan ƙashin damtse ta gangara zuwa bayan hannu, ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Shahararren ɗaurin nan na takate kote, wanda ake naɗe hannaye a baya, igiyarsa tana ratsawa daidai wurin. In ta danne jijiyar, cikin 'yan mintuna hannu zai iya langaɓewa, mutum ya kasa riƙe cokali ko biro na makonni, wani lokaci watanni. Fata tana iya zama da launinta, hannu da ɗuminsa, alhali ɓarna tana gudana a ciki. Don haka kowane ɗan lokaci ka ce ta ɗaga babban yatsa, ta lanƙwasa hannu baya, ka shafa bayan hannun ka tambaya ko tana ji. Da ta ce wani ɓangare ya mutu ko tana jin kamar tsirar allura, kwance, kada ka tsaya gyara.

Igiyar da ake amfani da ita ta dangin rama ce, kaurin milimita 6, tsawon mita 7 zuwa 8, an gyara ta ta yi laushi. Yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fata. Ƙullin da ke ƙara tsukewa idan an ja shi ba ya cikin lissafi. Fara da ƙafar kujera, sannan cinyarka, ka ji yadda take cizo. Rataye mutum sama kuwa aikin waɗanda suka daɗe ne a gaban malami, bidiyon intanet ba zai koya maka ba.

Almakashi mai dakusasshen baki, irin na ma'aikatan agajin gaggawa, ya kasance inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi ba. Kada ka ji ƙyashin yanke igiya don tsadarta. Kada ka bar ɗaurarre shi kaɗai, ko ruwa za ka ɗebo. Bayan kwancewa ka zauna da ita, ka ba ta ruwa da mayafi, ka sake duba hannayen. Idan rauni ko mutuwar hannun bai wuce ba, ku tafi asibiti a ranar, ku gaya wa likita ainihin abin da ya faru da tsawon lokacin da igiyar ta yi a jiki.