Sandar kora da hakkin shanu

Ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya je kasuwar dabbobi irin ta Badagishiri ranar da ake loda shanu a mota, ko ya tsaya bakin gona lokacin huɗa, ya ga abin da muke nufi: yaro riƙe da sanda yana jibgar sa a ido da hanci, wani yana murɗe masa wutsiya har ta karye. Sau da yawa laifin ba na yaron ba ne. An damƙa masa sanda ba a koya masa aikinta ba, kuma uban da ya ba shi zai amsa tambaya.

Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana dukan dabba a fuska, ya kuma hana yi mata lalas a fuska. Abu Dawud ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi, sai ya kira mai shi ya tsawata masa, don yana barinsa da yunwa yana kuma gajiyar da shi da aiki.

To, kora ilimi ce. Saniya tana ganin gefenta da kyau, amma ba ta ganin abin da ke daidai bayanta, shi ya sa mai zuwar mata ta nan ba zato yakan sha harbi. In ka tsaya bayan kafaɗarta sai ta yi gaba, in ka sha gaban kafaɗar sai ta tsaya ko ta juya. Sanda ƙarin tsawon hannu ce, da ita ake nuni, ake tare hanya. Ku dubi Bafillace: yakan shige gaba da tasa a kan kafaɗa, ya yi kira, garke duka ya biyo shi. Ihu da duka kuwa firgita dabba suke yi, firgitacciya kuma ba ta jin umurni.

Haka horon san noma. Ana fara saba masa da igiya da muryar mai shi, sannan a haɗa shi da tsohon sa wanda ya san aiki, su ja gungume kwana da kwanaki kafin a ɗaura masu garma. Masu gaggawa, da suke son sa ya iya huɗa cikin yini guda, su ne ke ƙarewa da dabba mai tunkuyi. A kankare karkiya ta yi sumul, a duba wuya kowace yamma; in an ga gyambo a hutar da shi har ya warke, ko da huɗa za ta jinkirta. Igiyar hanci ta juya kai ce, kada a fizge ta. Idan rana ta take a kwance su, a ba su ruwa da inuwa. Mai amalanke kuma ya sauka ya tura in an shiga rairayi ko an zo hawa.