Lazimi da Wazifa: Inda Muridi Zai Tsaya a Gardamar "Kowa Tasa Ta Fisshe Shi"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani, da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, da sauran waliyyan Allah baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a fadojin samari, tun daga tashar Mayahi har ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Da zarar an ɗora shayi aka taɓo zancen tsadar hatsi, sai majalisa ta rabu biyu. Wasu su ce talaka shi ya ja wa kansa: ya sayar da hatsinsa da kaka, ya yi biki, ya ƙara aure, in bazara ta yi ya zo yana kuka. Kowa tasa ta fisshe shi. Wasu su ce sam, laifin gwamnati ne da 'yan kasuwa, talaka ba shi da laifi ko ƙanƙane. A Turai da Amurka jam'iyyu sun daɗe suna cin zaɓe ko faɗuwa a kan wannan saɓani. A 1987 ma Margaret Thatcher, firaministar Ingila ta lokacin, ta nuna cewa ita ɗaiɗaikun mutane da iyalansu ta sani, abin da ake kira al'umma ba ta yarda akwai shi ba. Wannan can tsakaninsu. Abin da ya dami ikhwani shi ne, a kowane ɓangare na gardamar nan akwai 'yan'uwa masu tasbaha a aljihu, waɗanda in an idar da magariba za su zauna da'ira guda a wazifa. To ina muridi zai tsaya?

Kafin a amsa, ya kamata a tuna shekarar da wannan gardama ta bar fatar baki ta zama maganar rai da mutuwa a ƙasar Mayahi da Tasawa. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Kafin a kai tsakiyar 2005 an ƙiyasta sama da mutum miliyan 3 a Nijar suna cikin ƙarancin cimaka. Buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa jikka 30 a wasu kasuwanni. Abin da ya fi ciwo, kasuwannin ba su bushe ba. Hatsi na nan jibge a Maraɗi, wani kuma yana tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Dawanau ta Kano inda ya fi daraja. Mai kuɗi bai kwana da yunwa ba ko dare ɗaya.

Hukumomi da masu ba da agaji sun daɗe suna tsaye a kan cewa rabon kyauta zai rikita kasuwa, kuma zai koya wa mutane zaman jira. Sai aka zaɓi sayar da hatsi a farashi mai rahusa, kamar jikka 10 buhu. A takarda shawara ce mai kyau. Amma wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, jikka 10 da jikka 30 duk ɗaya ne a wurinsa. Sai da hotunan yara daga cibiyoyin ƙungiyar likitocin MSF a Maraɗi suka zagaya duniya a watan Yuli, sannan aka shiga rabon kyauta gadan-gadan a wajen watan Agusta, a lokacin da Shugaba Tandja Mamadu, Allah Ya gafarta masa, yake musanta cewa abin ya kai a kira shi yunwa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar rairayi irin ta Tchake ya san yadda irin wannan damina take cin mutum. Mata su shiga daji ɗibar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita. Maigida kuwa, a daidai lokacin da gonarsa take neman noman farko, sai ya saɓa hauya ya tafi barema a gonar wani don ya samo tiyar da za a yi fura yau. Ya yini yana noma har kafaɗa ta ƙage, tasa gonar kuma ciyawa tana cinye ta. Da kaka ya sami ɗan abin da ya samu, mai bashi yana tsaye a bakin rumbu, domin tiyar da aka ranta da damina ba tiya ɗaya take dawowa ba. Wani ya jinginar da gonar, bai sake karɓo ta ba har yau. Wannan bawan Allah ya fi kowa aiki a garin. Duk wanda ya dube shi ya ce masa "tashi ka nemi na kanka", ya ji tsoron Allah.

Amma gaskiya ba ta da ɓangare. Masu cewa talaka ba shi da laifi su ma akwai abin da suke tsallakewa. Akwai hatsin da yake tafiya da kaka a kan gasar biki, ba a kan lalura ba. Akwai kuma al'adar nan da aka sani a ƙasar Maraɗi: maigida ya rufe rumbun gandu bayan kaka, ya tafi cirani, ya bar mata su ciyar da kansu da yara daga ɗan abin da gamanarsu ta ba su. Asalin abin hikima ce, don a tanadi abincin masu noma zuwa damina. Sai dai in yaro yana ramewa a gindin rumbu, mabuɗi kuma yana Kano ko Agadas a aljihun uba, to hikimar ta koma wani abu daban, kuma babu gwamnatin da za a tambaya wannan ranar Lahira. Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Kowane ɓangare yana da hujja daga addini, kuma hujjojin duka ingantattu ne. Suratun Najmi ta tabbatar da cewa babu mai ɗaukar laifin wani, kuma mutum aikinsa ne nasa. Hadisi ya zo a Bukhari cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane. A ɗaya gefen, Suratuz Zariyati da Suratul Ma'ariji sun kira abin da mabuƙaci yake da shi a dukiyar mai dukiya da sunan haƙƙi, Suratul Ma'un kuma ta haɗa rashin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini da ƙaryata sakamako. Nassoshin ba su yi karo da juna ba. Wanda yake haɗa su karo shi ne mai rabonsu, wato nafsu.

Ga yadda take yi. In mutum yana da rumbu cike, sai ta miƙa masa hadisin igiya ya karanta wa maƙwabcinsa, ta ɓoye masa ayar haƙƙi. In rumbunsa ya ƙare saboda sakacinsa, sai ta miƙa masa ayar haƙƙi ya karanta wa attajirai da hukuma, ta ɓoye masa igiya. A duka halin biyu mutum ya fita da hannu wankakke, nassi ya zama bulalar dukan wani. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Tun zamanin sahabbai Sayyidina Abubakar (RA) ya hau mimbari ya gargaɗi mutane cewa suna ɗora aya ta 105 ta Suratul Ma'ida, wadda ta umarci muminai su kula da kawunansu, a inda ba muhallinta ba, suna mayar da ita uzurin kame hannu daga zalunci da ɓarna da suke gani.

Aikin tarbiyya shi ne ta juya wannan rabo. Muridi ya ɗauki hadisin igiya ya karanta wa kansa, da tsanani, ba sassauci. Ya ɗauki ayar haƙƙi ya karanta wa kansa ita ma, a kan abin da yake hannunsa, ko tiya biyu ce. Maƙwabci kuwa a nema masa uzuri. Abin da shehunnai suke kira muhasaba ke nan, kuma ba a taɓa jin an ce muridi ya zauna da dare ya yi wa wani muhasaba ba.

Ɗan Tijjaniyya ma bai buƙaci a je da shi nesa, domin kullum yana aikata wannan darasi da jikinsa. Lazimi nasa ne shi kaɗai: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, a asirce. Babu uban da zai ja wa ɗansa, babu muƙaddamin da zai ɗauke wa almajiri, in ya kuɓuce kuma shi zai rama. Ba shi da damar cewa zamani ne ya hana shi, ko gwamnati. Wazifa kuwa an sharɗanta yin ta cikin jama'a matuƙar akwai 'yan'uwa a gari kuma babu uzuri. Wanda ya ce shi lazimi ya ishe shi, zai yi wazifarsa a ɗaki alhali ana yi a zawiyar unguwa, ya saɓa. Wanda kuma yake cika da'ira da murya amma ya watsar da laziminsa, shi ma ya san matsayinsa. Mutum guda aka ɗora wa duka biyun. Abin mamaki ne a ce ɗan'uwa ya fahimci wannan a kan tasbaha, in aka zo kan rumbu kuma ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya don jam'iyyarsa ko malamin ajinsu ya ce haka.

Akwai wani hadisi da ya kamata mai wazifa ya riƙa tunawa duk sanda aka shimfiɗa farin ƙyalle don Jauharatul Kamali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa (RA) cewa mutanen ƙabilar Ash'ar, in guzuri ya ƙare musu a tafiya ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tattara duk abin da ya rage a kan mayafi ɗaya, su raba da ma'auni ɗaya daidai wa daida. Saboda wannan hali Annabi (SAW) ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Ba a ce sun tsaya binciken wanda ya yi almubazzaranci da guzurinsa a hanya ba. Muridi kuwa me yake nema da dukan zikirinsa in ba a ce shi na Annabi ne ba?

Wannan ba ya nufin an sauke wa shugabanni nauyi. A shekara ta 18 bayan Hijira, shekarar farin da aka sani da Ramada, Sayyidina Umar (RA) bai ce wa Larabawan ƙauye da suka kwararo Madina su koma su nemi na kansu ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, aka turo ayarin abinci, aka kafa tukwane. Ya haramta wa kansa man shanu har launin jikinsa ya sauya. Da ruwa ya sauka ne ya sallami mutane zuwa garuruwansu. Ɗalibin da ya tashi ya tambayi hukuma ina rumbun tsimin ƙasa, ko ya tunatar da ɗan kasuwa cewa hadisin Muslim ya kira mai ɓoye abinci don jiran tsada mai laifi, bai fita daga ladabin ɗariƙa ba, in ya yi da ladabi. Sai dai ya tabbata hannun da yake nuni da shi ya taɓa riƙe hauya ko ya taɓa miƙa tiya. Shehu Ibrahim (RA) da kansa manomi ne, kuma a Kosi, ƙauyen noma, faila ta fara bayyana a 1929, tsakanin almajirai masu yini a gona su kwana a zikiri.

A aikace, wurin da nauyin nan biyu suke haɗuwa a ƙauye shi ne bankin hatsi. Tsarinsa mai sauƙi ne: a saya ko a tara da kaka sa'ad da hatsi yake da araha, a rufe, a buɗe da damina a sayar da sauƙi ko a ranta. An kafa su da yawa a jihar Maraɗi, wasu sun ɗore, wasu da dama sun mutu, kuma ba fari ne kullum yake kashe su ba. Wani ya ranta ya ƙi biya don ya ce kayan jama'a ne, wani ɗan kwamiti ya ɗiba ya ce zai mayar. Shekara biyu uku sai a iske ɗaki wayam, ɓera ma ya ƙaura. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin CARE, sun yi nisan kwana har tsarinsu ya bazu zuwa wasu ƙasashe, domin kowace mace tana kawo zubinta a ranar da aka sa, mai rance kuma tana biya a gaban idon 'yan'uwanta. Maza masu wuridi ya kamata su ɗan ji kunya a nan.

Babu abin da zai hana zawiyar ƙauye a Tchake, ko a kowane gari na ƙasar Mayahi da Tasawa, ta yi nata rumbun. Zakkar hatsi sananniya ce: in amfanin ya kai nisabi, noman ruwan sama ɗaya ake fitarwa cikin 10, abin da manoma suke lissafawa da dami ɗaya cikin dami 10. Wannan haƙƙin masu shi ne, a ba su shi a lokacinsa, ba a kulle shi. Amma bayan zakka, in kowane mai zama a da'ira ya kawo dami ɗaya na sadaka da kaka, ɗalibin da ba ya noma ya kawo kuɗin tiya biyu daga abin da ake aiko masa ko ya riƙe littafin lissafi tunda shi ya iya rubutu, to a watan Yuli za a sami abin da zai tsayar da wani ɗan'uwa a gonarsa kwana goma na noman farko, maimakon ya tafi barema. Shi kuma wanda aka ranta wa, ya ɗauki biyan bashin nan kamar ramakon lazimi: da ya ɗaure damin farko, kafin maganar biki, kafin kuɗin motar cirani, ya aza shi a ka ya kai ƙofar zawiya.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya jiƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya a waccan shekara, albarkar Annabi (SAW). Amin.