Zato Mai Gadi Ne, Ba Alƙali Ba

Kalmar da Rumawa suke kiran zato da ita a Latinanci ita ce suspicio, wadda aka gina daga sub, wato ƙarƙashi, da specere, wato duba. Asalinta ke nan kallon ƙasan ido, irin wanda ake yi wa mutum ba tare da ya sani ba. Abin lura a tsofaffin rubuce-rubucensu shi ne yadda suka raba zato da laifi, suka ba kowanne matsayinsa.

A shekara ta 80 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero ya tsaya kare wani mutum mai suna Roskiyus da aka tuhuma da kashe mahaifinsa. Ya kwatanta masu ɗaukar ƙara da karnukan da ke gadin dutsen Kapitol a birnin Rum. Idan sun yi haushi da dare babu laifi, domin duhu ba ya bari su bambance ɓarawo da mai wucewa. Amma karen da yake haushin masu ibada da rana tsaka ya cancanci horo. Zato yana da amfani muddin aikinsa farkar da mutane ne.

Sarki Tarajan, wanda ya mulki Rum daga 98 zuwa 117, ya mai da wannan doka. A wata amsa tasa da aka adana cikin kundin shari'a na Jastiniyan, ya hana yanke wa mutum hukunci bisa zato, yana ganin gara mai laifi ya kuɓuta da a hukunta marar laifi. A ƙarni na 13, malamin nan Toma na Akwino ya kasa zato hawa uku: fara kokwanton kirkin mutum saboda ƴar alama, sai tabbatar da muguntarsa a zuci, sai alƙali ya hukunta shi a kan haka. Kowane hawa ya fi na baya nauyin alhaki. Ya kuma lura cewa sau da yawa zato yana fitowa daga halin mai zaton, ko daga ƙiyayyar da yake yi wa wancan.

Bahaushe bai rasa wannan hikima ba. Yana da shakka, da zato, da zargi, da tuhuma, kowace da nauyinta, kuma yakan ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Suratul Hujurati ma ta yi kashedi game da yawan zato, ta haɗa shi da binciken asirin mutane da yi da su.

A ƙasa irin ta Karakara, cikin jihar Doso, dab da iyakar Najeriya, wannan magana ta rayuwar yau da kullum ce. Baƙi da fatake da makiyaya suna ratsawa kullum. Idan aka wayi gari dabbobi sun yi ɓarna a gona kafin a kwashe gero, rugar da ta fi kusa ake fara kallo. Kallon ba laifi ba ne, shi ne haushin dare. Laifin yana farawa lokacin da aka ɗauki sanda kafin a bi sawu, a nemi shaida, a je gaban mai gari ko sarki, waɗanda dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta ba hurumin sasanta irin wannan rikici. Abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, ya isa nuna inda tsallake wannan mataki yake kaiwa.

Malamin makaranta ma alƙali ne a ajinsa. Ranar da alƙalamin wani yaro ya ɓace, idanu sukan koma kan ɗan baƙo ko ɗan talaka. Malamin da ya dakatar da ajin ya tambayi wanda ya gani da idonsa, ya koya wa yaran tazarar da ke tsakanin zato da hukunci, kuma da ita za su girma su zauna a fadar gari.