Amanar Mai Tace Bidiyo: Hukuncin Koya wa 'Yan Sakandare Sana'ar Kyamara a Zangon Kumasi

Koyar da ɗaukar sauti da bidiyo ya ƙunshi riƙon kyamara, sanin inda ake ajiye makirufo, daidaita haske, sannan tacewa, wato yanke abin da aka ɗauka a sake jera shi. A unguwannin Zangon Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sawaba da Yalwa, sana'ar tana da kasuwa. Da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ko maulidi ba mai kyamara, tafsirin azumi kuwa kai tsaye ake watsa shi a Facebook. Garin shi ne cibiyar Kumawood, masana'antar fina-finan harshen Twi. Tun daga 2017 da gwamnatin Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta, ƙofa ta ƙara buɗewa ga 'ya'yan Zango a makarantu irin su T.I. Ahmadiyya, wadda aka kafa a 1950, da Sakafia da ke Sawaba. Mai son zurfafa ilimin fim yana da makarantar fim a Akra, wadda aka buɗe a 1978 da sunan NAFTI, amma yawancin yara a wayar hannu suke fara koyo, ko a shagon wani mai ɗaukar biki. Shi ya sa iyaye da malamai ke tambaya: ya halatta a koya wa yaro wannan aiki?

Tsohuwar gardama a kan hoton kansa take. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisai masu tsoratarwa game da masu suranta abu mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta karatun Zango ya ginu, abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, cikakkiyar halitta, irin ta gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai ga haramci ba. Da kyamara ta bayyana, Muftin Masar Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawa cewa mai ɗaukar hoto bai ƙirƙiri sura ba, inuwar abin da Allah ya halitta kawai ya tsare. Shaihu Ibn Baz na Saudiyya ya tsananta, bai yarda ba sai da lalura, kamar hoton fasfo. Saɓanin yana nan a littattafai, amma a aikace ya yi sanyi, domin kowane ɓangare a Kumasi yana kafa kyamara a gaban malaminsa.

Akwai kuma masu cewa ko da aikin halal ne, koyar da shi buɗe ƙofar ɓarna ce, tunda yaron da ya iya tace wa'azi ya iya tace rawa da batsa. Wannan hujja ce ta toshe hanyar ɓarna, kuma Malikiyya sun fi kowa riƙo da ita. Sai dai al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya nuna ba kowace hanya ake toshewa ba: malamai sun haɗu a kan ba a hana shuka inabi don tsoron a yi giya da shi. Koyar da kyamara ya fi kama da wannan.

Tambayar da ta fi wuya, wadda ba a cika yi ba, tana kan teburin tacewa. Mutane sun ɗauka abin da kyamara ta nuna shi ne abin da ya faru. Wajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya haɗa fuskar ɗan wasa guda, wadda ba ta canja ba, da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku. Ma'anar ba daga fuskar ta fito ba, wanda ya jera hotunan ne ya ƙulla ta.

Ɗalibin da aka ba shi tafsirin awa biyu ya tace yana ganin muryar malam a allon kwamfuta kamar jerin tudu da kwari. Ya cire tarin malam, ya cire ƙarar janareta da hon ɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku, da ke wucewa a bakin masallaci, ya rage shirun da aka yi ana neman shafi. Duk wannan gyara ne. Amma malaman Zango suna da al'adar kawo maganar abokin saɓani da bakinsu, su shimfiɗa ta sosai, kafin su ce “to amma” su warware ta. Idan aka yanke daga wannan “amma”, sai a sami daƙiƙa talatin na malam yana faɗin abin da ya zauna don ya rushe. Murya tasa ce, fuska tasa ce, ba a ƙara masa ko harafi ba, kuma duk da haka an yi masa ƙarya.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan matsala. Sun tattauna ko ya halatta a taƙaita hadisi, a kawo sashe a bar sashe. Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245, ya zaɓi halacci da sharaɗi: mai taƙaitawa ya kasance masani, kuma abin da ya bari kada ya zama yana rataye da abin da ya kawo, kamar togiya ko sharaɗi, har ma'ana ta canja. Bukhari kansa yakan rarraba hadisi ɗaya a babi-babi. Sun kuma aibata tadlisi, wato ɓoye ainihin inda aka samo ruwaya. Tsohon bidiyon da aka goge masa kwanan wata aka sake yaɗa shi kamar na jiya ɗan gidan nan ne. Mai tacewa maruwaici ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ɗan sakandare ya riga ya balaga, alƙalami na kansa.

A Zango wannan ba zancen aji kaɗai ba ne. Saɓanin Tijaniyya da Ahlussunna ya kai ga arangama a garuruwan Gana, har da Kumasi, a shekarun 1990, lokacin da kaset ne ke ɗaukar wa'azi daga unguwa zuwa unguwa. Kaset yana da wuyar yankewa, yakan zo da maganar a dunƙule. Yau guntun WhatsApp kan karaɗe majalisun masu shan ataya kafin a idar da isha'i. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ɗora wa mai jin labari nauyin bincike, sai dai wanda ya ga mutum da idonsa yana magana ba ya jin akwai sauran abin bincika.

Saura batun izini. Aya ta 12 ta wannan sura ta hana leƙen asirin mutane. A 2018 Kotun Ƙolin Gana ta yanke cewa naɗar maganar mutum a waya ba da saninsa ba keta haƙƙin sirri ne da tsarin mulki ya kare. A shekarar ce kuma ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fitar da fim ɗinsa na ɓoyayyiyar kyamara a kan cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa, wanda ya kai shugaban hukumar ƙwallon ƙasar ga murabus. Masu kare irin wannan aiki suna kafa hujja da maslahar jama'a da hani da mummuna, kuma hujjar tana da ƙarfi idan ɓarnar ta shafi dukiyar al'umma. Ba ta rufe yaron da ya ɗauki matan biki suna rawa a cikin gida ya ɗora a TikTok ba. An gayyace shi ne ya ɗauka don masu gida. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba.

Darasin da ya amsa waɗannan tambayoyi yakan sa ɗalibi ya ajiye asalin abin da ya naɗa ba tare da taɓawa ba, ya rubuta wuri da rana a jikin kowane guntu, ya nuna wa mai magana abin da aka tace kafin a saki, kuma ya iya faɗa wa malaminsa dalilin kowane yanka da ya yi.