Ruwan da Ke Bin Gishiri

A tekun Fasifik, wajejen Fiji da Filifin, Allah ya yi wata halitta mai kama da dodon koɗi, ana kiranta nautilus. Ƙoƙonta ɗaki-ɗaki ne, kusan 30 in ta girma, ita kuma tana zaune a na bakin ƙofa. Sauran ɗakunan su ke hana ta nutsewa. Mu mutanen Rano da Kibiya muna nesa da teku, amma a dutsen da ake fasawa a Ashaka ta jihar Gombe don yin siminti ana tsintar ƙoƙunan danginta da suka zama dutse.

In ta ƙara girma sai ta matsa gaba, ta gina sabon bango a bayanta. Ɗakin da ta bari cike yake da ruwa. Nauyi ne, amma ba a taɓa shi tukuna, domin shi ke tallafe bangon har ya yi ƙwari. Da za a kwashe shi da wuri, ƙarfin teku zai rusa ginin.

A 1966 masana biyu na Ingila, Eric Denton da John Gilpin-Brown, suka bayyana yadda ruwan ke fita. Wata siririyar jijiya ce ta ratsa ɗakunan duka. Ba ta tura ruwan da ƙarfi. Gishirin cikinsa take tsamewa kaɗan-kaɗan zuwa jini, ruwa kuwa ya bi gishiri da kansa, yadda ɗanyar fata ke tsattsafo da ruwa in mahauci ya barbaɗa mata gishiri. Sannu a hankali iska ta maye gurbinsa. Aikin makonni ne.

Ƴan'uwa, mu ma mukan tashi da asuba muna roƙon a ɗauke mana nauyi kafin rana ta faɗi: bashin taki, jinyar yaro, rigimar iyakar gona da ɗan'uwa. In amsa ta yi jinkiri sai zuciya ta karaya. Ni dai na gaskata wani jinkirin jinƙai ne, bangonmu ne bai bushe ba. Wani nauyin kuma, musamman na gaba da wani, akwai abin da ke riƙe da shi a ciki kamar gishirin nan: maganar nan ɗaya da aka faɗa mana, muke ta nanata ta kowane dare.

Ya Ubangiji, ka tsame mana wannan maganar daga zuci. Ka ba mu ƙarfin gaida wanda muke gaba da shi in mun haɗu a hanyar gona yau. Amin.